Kumburin Mama Lokacin Shayarwa: Kada a Raba Jariri da Nonon Uwarsa



Zan yi magana ne a kan kumburin mama da ke kama mace lokacin da take shayarwa, wanda likitoci ke kira mastaitis. Ciwo ne da kowace unguwa ta san shi. Mai jego takan kwanta lafiya, ta wayi gari mamanta ɗaya ya yi tauri ya ɗau zafi, jikinta yana karkarwa. Abin da yakan biyo baya a gidaje da yawa shi ne a ce nono ya ɓaci, a janye jariri daga maman da ke ciwo. Ƙauna ce ke kawo wannan shawara, amma ita ce ke mayar da ciwon kwana biyu ya zama na makonni, wani lokaci har ya kai ga ƙurji da yanka, jariri kuma ya rasa abincinsa a lokacin da ya fi bukatarsa. Abin da nake so ki riƙe, 'yar'uwa, shi ne nonon maman da ya kumbura bai ɓaci ba, kuma ci gaba da shayarwa yana cikin maganin. Sai dai akwai iyakar da idan ciwon ya kai ta, wajibi ne a tafi asibiti.

Domin kada magana ta rikice, idan na ce mama ina nufin gaɓar jiki, idan na ce nono ina nufin ruwan da jariri ke sha.

Yadda ciwon ke farawa

A cikin mama akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu ɗimbin yawa inda nono ke samuwa. Daga cikinsu siraran hanyoyi ke fitowa, suna haɗuwa da juna har su kai kan mama, inda suke buɗewa ta ƙofofi da dama. Idan jariri ya kama mama yana tsotso, saƙo yakan tafi ƙwaƙwalwar uwa, ita kuma ta saki sinadarai guda 2. Na farko yana sa a yi sabon nono. Na biyu yana matse jakunkunan su turo wanda ke ciki. Wannan na biyun yana aiki sosai idan hankalin uwa a kwance yake, yana kuma raunana idan tana cikin zogi, ko tsoro, ko kunya, ko ɓacin rai. Jikin mace yana kuma auna bukatar jaririnta da abin da aka cire: gwargwadon nonon da ya fita, gwargwadon wanda za a sake yi.

Idan nono ya daɗe a wani sashe na mama bai fita ba, jakunkunan sukan cika su takura, wani abu daga cikin nonon ya tsattsafa zuwa naman da ke kewaye da su. Sai jiki ya ɗauke shi baƙo, ya turo jini da ruwa wurin. Wurin ya kumbura, kumburin ya matse siraran hanyoyin, fitar nono ta ƙara wuya. A wannan mataki sau da yawa babu wata ƙwayar cuta a ciki, kumburi ne kawai, kuma yana iya sauka da kulawar gida.

Idan aka bar shi haka, ƙwayoyin cuta kan sami wurin hayayyafa. Wadda ta fi yawan kawo wannan ciwo ita ce wadda masana ke kira istafilokokas, ƙwayar da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu lafiya. Hanyar da ta fi samu ita ce tsagewa ko rauni a kan mama. Idan wannan ma ba a magance shi ba, mugunya takan taru wuri guda ta zama ƙurji. Kun ga ke nan ciwon yana da matakai, kuma a kowane mataki ana iya tare shi.

Lokacin da ya fi kama mata

A shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban kan wannan ciwo. Ta nuna cewa ya fi kama mata a mako na 2 da na 3 bayan haihuwa, kuma mafi yawansa yana aukuwa ne cikin makonni 12 na farko, ko da yake yana iya zuwa a kowane lokaci muddin ana shayarwa. Idan muka auna wannan da al'adarmu, za mu ga lokacin ya faɗo tsakanin suna da arba'in. Mu dubi abin da ke faruwa a gidajenmu a waɗannan kwanaki da bayansu.

Na farko shi ne jinkirin fara shayarwa. A wasu gidaje har yanzu ana matse dakashi a zubar, a bai wa jariri ruwa ko nonon akuya har kwana 2 ko 3. Lokacin da nono ya kawo sosai, wajen kwana na 3 zuwa na 5, sai ya tarar jariri bai saba da kama mama ba. Maman ya cika ya yi tauri, kansa ya shafe, kamawar ta ƙara wuya.

Na biyu shi ne hidimar suna da 'yan barka. Jariri yana yawo daga wannan hannu zuwa wancan, uwa tana fama da baƙi, sa'o'i su wuce bai sha ba. Idan ɗan fari ne kuma, ga kunya. Yarinya ba za ta iya ɗaukar ɗanta ta shayar a gaban surukai da iyaye ba, sai ta jira a kaɗaice, alhali mamanta yana ta cika.

Na uku shi ne duk abin da ke rage tsotson jariri. Ruwan da ake ba shi lokacin zafi yana cike masa ciki. Haka jiƙe-jiƙe. Jaririn da aka cire wa belu yakan yi kwanaki maƙogwaronsa na ciwo, ba ya tsotso da ƙarfi, ban da haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta da ke tattare da cirewar. Wanda aka haifa da linzami a ƙarƙashin harshe shi ma yakan kasa kama mama da kyau, ya riƙa ji wa uwarsa ciwo.

Na huɗu shi ne matsi. Majanyin da aka ɗaure tam a kan ƙirji tun safe, ƙullin zane da ke danne gefen mama, rigar mama da ta yi kaɗan, kwanciya rub da ciki, duk suna iya toshe wani sashe.

Na biyar shi ne doguwar tafiya. Mata da yawa a yankinmu suna ƙetare iyaka domin kasuwa, ko biki, ko gaisuwar rasuwa, tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ko Daura da Matamaye. Wadda ta bar jariri a gida ta wuni a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta maƙale a mota a bakin iyaka, takan dawo da mama cike yana zogi.

Na shida shi ne yaye na rana ɗaya. A ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, ko a shafa wa mama ɗaci, musamman idan an ga uwa ta sami wani ciki. Yaro ya daina sha, amma jikin uwa bai daina yin nono ba.

Yadda za ki gane shi

Cikar mama ta kwanakin farko takan kama duka biyun. Sukan yi nauyi, su yi tauri, fata ta yi sheƙi. Wannan yakan sauka cikin kwana 1 ko 2 idan jariri yana sha akai-akai.

Wani lokaci kuma dunƙule ne a wuri guda, mai zafi idan an taɓa, amma jikinki lafiya lau, babu zazzaɓi. Wannan gargaɗi ne na farko, kuma nan ne ya fi sauƙin tarewa.

Kumburin da muke magana a kansa yakan kama mama ɗaya ne, sau da yawa wani yanki nasa. Wurin yana zafi, yana zogi, ya yi tauri. A littattafai ana cewa wurin yakan yi ja, amma a fata irin tamu jan ba ya cika bayyana. Ki dubi wurin da ya fi sauran duhu ko sheƙi, ki sa bayan hannunki ki gwada zafinsa da na ɗaya maman. Tare da haka akwai zazzaɓi, wanda yakan kai maki 38.5 ko ya wuce a ma'aunin zafin jiki, da jin sanyi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi. Kaluluwa tana iya fitowa a hammata.

A nan akwai wurin da ake yawan ruɗewa. Waɗannan alamomi sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina. Sai a sayo maganin maleriya a sha, kwana 3 su wuce, mama kuwa yana ta ƙara kumbura. Duk mai shayarwar da zazzaɓi ya kama, ta dubi mamanta, idan ta je asibiti kuma ta faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ta gani, ko da bai tambaya ba. Gwajin jini na 'yan mintoci zai nuna ko akwai maleriya.

Alamar ƙurji kuwa ita ce dunƙulen da ya ƙi sauka bayan kwanaki, yana bugawa kamar bugun zuciya, tsakiyarsa ta yi laushi kamar akwai ruwa a ciki.

Shin nonon ya ɓaci?

Bai ɓaci ba. Amma iyayenmu da suka ce ya ɓaci wani abu suka gani, kuma ya kamata mu bayyana shi. Idan mama ya kumbura, gishirin da ke cikin nonon wannan gefe yakan ƙaru, zaƙinsa ya ragu. Jariri yakan ji ɗanɗanon ya sauya, ya kama ya saki, ya yi kuka. Nonon yana iya yin kauri, ko ya yi rawaya, ko a ga ɗan jini a ciki idan kan mama ya tsage. Wanda ya ga haka dole ya yi zargi. Sai dai wannan sauyi na ɗan lokaci ne, ɗanɗanon yakan dawo yadda yake idan kumburin ya sauka, kuma nonon ba ya cutar da jariri mai lafiya. Ƙwayoyin cutar da ke wurin, jariri ya riga ya haɗu da su a jikin uwarsa tun kafin ciwon ya bayyana, nonon kuma yana ɗauke da sinadaran kariya. Gwajin da ake yi a wasu garuruwa, na jefa tururuwa cikin nonon da aka tatsa ko ɗiga shi a kan ƙarfe mai zafi, ba ya nuna kyau ko munin nono.

Mu kuma dubi abin da ke samun jaririn da aka janye. Idan bai kai wata 6 ba, me za a ba shi? Madarar gwangwani tana da tsada, kuma tana bukatar ruwa mai tsabta da tafasa kayan sha a kowane lokaci. Nonon dabba da kunu sun fi ƙarfin cikinsa. Gudawa da rama su ne sukan biyo baya, kuma su ne ke cika cibiyoyin kula da tamowa a ɓangarorin iyaka biyu. Saboda haka janye jariri yana cutar da mutum biyu: uwa ciwonta ya ƙaru, ɗa kuma ya shiga haɗari.

Akwai togiya guda da dole in faɗa. Uwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, idan mamanta ya kumbura ko kansa ya tsage, haɗarin jariri ya kamu ta wannan gefe yana ƙaruwa. Ita za ta ci gaba da shan maganinta ba fashi, ta shayar da lafiyayyen maman, ta tatse mai ciwon ta zubar har ya warke, ta kuma je asibiti a ranar.

Abin da za ki yi a gida

Ki ci gaba da shayarwa da mama biyu, duk lokacin da jariri ya nema, dare da rana. Idan zogi ya hana ki farawa da mai ciwon, ki fara da lafiyayyen. Da kin ji nono ya sauko, sai ki mayar da jariri kan mai ciwon. Idan ya ƙi kamawa sam, ki wanke hannu ki tatsa. Ki sa babban yatsa a sama da baƙin da ke kewaye da kan mama, manuni a ƙasa, ki danna su ciki wajen ƙirji, sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki, kina zagayawa. Kada ki ja kan mama, kada kuma ki murje fata. Nonon da kika tatsa a ƙoƙo mai tsabta kina iya ba shi da ƙaramin kofi ko cokali.

Ki tatsa daidai yadda za ki ji sauƙi. A da ana cewa a tatse mama ƙarƙaf, amma shawarar da ƙungiyar likitocin shayarwa ta duniya ta sabunta a 2022 ta nuna cewa yawan tatsa fiye da bukatar jariri yana sa jiki ya ƙara yin nono, kumburi ya ƙaru. Haka ma murza mama da ƙarfi. Naman da ya kumbura kamar targaɗe yake, matsa shi da ƙarfi rauni yake ƙara masa. Abin da ke taimakawa shi ne shafa mai sauƙi da tafin hannu, daga mama zuwa hammata, kamar yadda kike shafa kan jaririnki.

Bayan kin shayar, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi ki ɗora a wurin na minti 10 zuwa 15. Sanyi yana rage kumburi da zogi. Ɗumi kaɗan kafin shayarwa ba laifi idan yana taimaka wa nono ya sauko, amma gasa mama da tafasasshen ruwa yana ƙara kumburi, yana kuma iya ƙona fata. Ina roƙon iyayenmu masu yi wa mai jego wanka su tsallake maman da ke ciwo, kada ganyen wanka mai zafi ya taɓa shi.

Domin zogi da zazzaɓi, mai shayarwa tana iya shan farasitamol ko ibuprofen, ba sa cutar da jariri. Ibuprofen ya fi rage kumburi, ana shansa bayan cin abinci, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta guje shi. Ki tambayi ma'aikacin lafiya adadin da ya dace da ke.

Ki sassauta ɗaurin ƙirji. Ki kwanta ki huta, jaririnki yana kusa da ke. Ki sha ruwa duk lokacin da kika ji ƙishi, ki ci abinci yadda kika saba. Ƙara kanwa a kunu ba ya buɗe hanyar nono, yawanta ma yana wahalar da zuciyar mai jego. Kada a shafa wa mama toka, ko laka, ko garin magani, ko man zafi, domin suna iya shiga rauni, suna kuma iya shiga bakin jariri.

Lokacin da asibiti ya zama dole

Ki ba kulawar gida kwana 1, wato sa'o'i 24. Idan zazzaɓi bai sauka ba, ko kumburin yana ƙaruwa, ki tafi cibiyar lafiya mafi kusa, ko ta wane ɓangare na iyaka take. Amma kada ki jira ko da kwana ɗayan idan kan mama ya tsage sannan ga zazzaɓi, ko duka biyun sun kumbura da zazzaɓi, ko kina ganin mugunya, ko jiri yana ɗibar ki, ko kina amai, ko zuciyarki tana bugawa da sauri. Haka idan akwai ciwon mara da jini mai wari, domin wannan yana iya zama cuta a mahaifa, wadda ke kisa idan an yi jinkiri. Idan jariri ya daina tsotso, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi laushi, shi ma a kai shi nan take.

A asibiti za a duba ki, idan akwai bukata a rubuta miki maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ke aiki a kan wannan ƙwaya, kamar kuloksasilin ko sefaleksin. Galibi ana shansa kwana 10 zuwa 14, kuma ana ci gaba da shayarwa. Idan wani magani ya taɓa fito miki da ƙuraje ko ya kumbura miki jiki, ki faɗa kafin a rubuta. Ki shanye shi duka ko da kin ji sauƙi a kwana na 3, domin yanke shi a tsakiya yana sa ciwon ya dawo. Idan kin yi kwana 2 kina sha ba ki ga sauƙi ba, ki koma. Idan kuma za ki ƙetare iyaka ki koma gida, ki tafi da takardar maganin da kwalinsa, domin sunan da aka san shi da shi a kemis na Nijeriya yana iya bambanta da na farmasin Nijar, ma'aikacin can kuwa yana bukatar sanin abin da aka riga aka ba ki.

Ki guji sayen kafso 2 ko 3 daga masu tallar magani a kasuwa. Maganin da ya wuni a rana ƙarfinsa yakan ragu, wani ma jabu ne, kuma ɗan abin da kika sha zai ɓoye ciwon ne kawai, ya koya wa ƙwayar jure magani.

Idan ƙurji ya riga ya taru, magani kaɗai ba zai isa ba, sai an fitar da mugunyar. A asibiti ana zuƙe ta da allura, ko a yi ƙaramin yanka bayan an kashe zafin wurin, da kayan aiki masu tsabta, ta hanyar da ba za a lalata hanyoyin nono ba. Sakiya ko tsaga a gida tana iya yanke waɗannan hanyoyi, ta bar rauni mai yoyon nono, ta kuma jawo sarƙewar haƙora. Ko bayan an buɗe ƙurji, mata da yawa suna ci gaba da shayarwa da wannan maman. Idan raunin yana kusa da inda bakin jariri ke kamawa, sai a shayar da ɗayan, a riƙa tatsar mai ciwon har ya warke.

Abu na ƙarshe a nan: idan an gama magani amma dunƙulen bai tafi ba, ko fatar mama ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ki nemi a tura ki babban asibiti. Akwai nau'in sankarar mama da ke kama da wannan kumburi. Ba ta da yawa, amma gano ta da wuri shi ne ke ceton rai.

Rigakafi

Tushen rigakafin shi ne yadda jariri ke kama mama. Ki riƙe shi kansa da jikinsa a miƙe, cikinsa yana manne da naki, hancinsa yana daidai kan mama. Ki jira ya buɗe baki sosai kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki. Alamomi 4 ne ke nuna ya kama da kyau: bakinsa a buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa tana taɓa mama, kuma baƙin mama ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. Za ki ga yana tsotso a hankali mai zurfi, ki ji yana haɗiya. Idan kina jin zafi har ƙarshen shayarwa, ko kan mama ya fito a lanƙwashe, kamun bai yi ba. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake gwadawa. Shayarwa mai zafi alama ce ta abin da ke bukatar gyara, kada ki ɗauke ta abin da za a jure.

A sa jariri a mama cikin sa'ar farko bayan haihuwa, ya sha dakashi, wanda shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Daga nan nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara, sannan a ƙara da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, saboda haka yana kashe wa jariri ƙishi ko a tsakiyar bazara. Sabon jariri yana bukatar sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Ki bar shi ya saki mama da kansa kafin ki ba shi ɗayan, a shayarwa ta gaba kuma ki fara da wanda aka bari a baya.

Ba sai kin wanke mama da sabulu a kowace shayarwa ba, wankan yau da kullum ya isa. Sabulu yana busar da fata ta tsage. Hannu ne ke bukatar wanki da sabulu, musamman bayan kin gyara wa jariri kashi. Idan kan mama ya fara zafi, ki shafa masa ɗigon nononki ki bar shi ya sha iska.

Idan tafiya ta kama, ki tafi da jaririnki. Idan ba hali, ki tatsa ki bar masa a mazubi mai murfi a wuri mai sanyi, a ba shi kafin sa'o'i 4 su cika, lokacin zafi kuwa tun kafin haka. Ke kuma ki nemi wurin da za ki keɓe ki rage nono duk bayan sa'o'i 3 ko 4. Yaye kuma a yi shi sannu a hankali, ana rage shayarwa ɗaya bayan 'yan kwanaki, har jiki ya rage nonon da kansa. Samun wani ciki bai sa nono ya zama guba ba, don haka ba dalili ne na yaye cikin gaggawa ba.

Gare ku iyaye da magidanta

Mai jego, musamman ta fari, ba ita ke yanke shawara a ɗakinta ba. Ku iyayenmu, uwar miji da uwar mai jego da ungozoma, maganarku ake ji. Ina roƙonku ku sauƙaƙa wa yarinya kunyar ɗan fari, ku ba ta wurin da za ta shayar a sake ranar suna da bayanta, ku miƙa mata jariri da zarar ya fara motsa baki yana neman mama, tun kafin ya yi kuka. Idan ta ce mamanta na ciwo, ku ɗauke mata daka da ɗibar ruwa na kwana biyu, ku bar jariri a jikinta.

Ku kuma magidanta, izinin fita da kuɗin mota suna hannunku. Kwanakin arba'in ba su hana mai jego zuwa asibiti ba. Kuɗin maganin kwana 10 bai kai na aikin ƙurji da jinyarsa ba, bai kuma kai na madarar gwangwani ta wata guda ba. Idan za ku yi tafiya, ku bar izini da abin sufuri, domin kada zazzaɓi ya kama ta da dare a zauna jiran dawowarku.

Duk wadda ke da tambaya, ko take son a duba yadda jaririnta ke kama mama, ta zo wurin awon yara ko ta nemi ma'aikaciyar lafiya ta unguwarsu. Dubawar ba ta wuce 'yan mintoci. Allah Ya ba masu jego lafiya, Ya raya mana zuri'a.